Koren Dutsen Baltabai

A ƙauyenmu na Akkuduk, in baƙo ya tambayi gidan Baltabai ba a ɗaga hannu a nuna masa. Sai a ce, "Miƙe hanyar nan, inda ka ji ana zagin kare, ka iso." Ba kullum karen ke da laifi ba. Sau da yawa da maƙwabci ake, karen dai shi ya fi kusa.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, girarsa a haɗe kamar mai leƙen rijiya. In tsautsayi ya kai ka gidansa, da kansa zai ɗauki buta ya cika maka kofin shayi har yana tumbatsa, alhali kowa a nan ya san baƙon da ake so ya daɗe kaɗan-kaɗan ake zuba masa, cikakken kofi kuwa sallama ce. Matarsa Dametken ta yi shekaru tana fizge butar daga hannunsa tana ba mutane haƙuri, har ta gaji ta zuba masa ido. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure can Almati, kuma nisan bai taɓa damunsu ba.

Ba da guduma ya fara neman abinci ba. Tumakin gandun gwamnati yake kiwo, kamar ubansa, a gindin tudun Altin-Tobe, inda tun kaka da kakanni ake tsintar koren dutsen nan. An ce mutanen dā sun ɗauka zumurrudu ne har suka yi ta murna, daga baya masana suka duba suka ce tagulla ce ta rina shi, kuma ba shi da ƙwarin zumurrudu ko kaɗan. Dillalai na ce masa diyoptas. Mu dai koren dutse muka sani, 'yan matanmu na 'yar carafke da shi.

Da Tarayyar Sobiyat ta watse, gandun ya bi ta. Aka raba tumakin, aka cinye su, aka zauna ana kallon juna. Sai ga motoci sun fara zuwa daga Karaganda, da mutane masu gilashin ƙara girman abu a aljihu, suna tambayar koren dutse. Ƙauye kaf ya hau tudu. Kowa da gudumarsa, a bugi dutse, a kakkaɓe korayen ƙwayoyin, a cika kwalin ashana, a karɓi 'yan tenge, kuɗin ƙasarmu, a sayo fulawa da ganyen shayi.

Baltabai ma haka ya fara. Amma ba a ce mai mugun hali dole ya zama wawa ba. Wata rana ya ga wani dillali ya ture kwalayen ashana gefe kamar shara, ya sa hannu bibbiyu ya ɗauki wani guntun farin dutse mai 'yan ƙwayoyi a jikinsa, har yana ɗauke numfashi. Nan ya gane abin da masu tara duwatsu na ƙasashen waje suke nema. Ƙwaya suke so tana zaune a jikin uwarta, wato farin dutsen da ta tsiro a kai, ba tabo, ba ɓantarewa ko da ta kan allura ce. Wadda ta rabu da uwarta, komai kyanta, a wurinsu tsakuwa ce.

Daga ranar ya raba gari da sauran mahaƙa. Ya ƙera wa kansa tsinkayen ƙarfe daga gawar wata tarakta, ya samo 'yar guduma wadda ba ta fi ta mai gyaran takalmi ba. Sai ya kwanta da gefe ɗaya cikin rami, ya yi ta sassaƙar dutse a kewayen kogon da ƙwayoyin suke, nesa da su, kullum kaɗan, har abin ya saki don kansa. Ya naɗe shi da gashin tumaki, ya sauko da shi a ƙirji, yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ruwan rijiya da burushin gashin wutsiyar doki, su kaɗai ke taɓa dutsensa. Mutumin da bai taɓa yi wa ɗan Adam magana mai laushi ba, sai ga shi kwance yana lallashin dutse, har an sha jin yana ce masa, "A hankali, ba mai korarmu."

Sauran mahaƙa kuwa suna ya raɗa musu, 'yan sussuka. In ya zo wuce su da yamma sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Sannunku da sussuka. Buhu nawa aka samu yau? A kai wa kaji."

"A sauka lafiya, ungozoma," su kuma su ce. "Mace aka samu ko namiji?"

Jagoran 'yan sussuka ba kowa ba ne illa Orazali, mijin ƙanwarsa Ultugan. Orazali ya yi aikin haƙar kwal a Karaganda, can ya koyo sa nakiya, mutum ne mai fara'a da gajen haƙuri. Akwai wata bazara da Baltabai ya shafe ta kaf yana buɗe wani kogo. Ya kusa cire shi ke nan, sai Orazali ya tayar da nakiya a nasa ramin da ke maƙwabtaka. Ƙasa ta girgiza. Da ƙura ta lafa Baltabai ya zura hannu cikin kogon, ya damƙo koren gari.

"Yaya, wallahi ban san ka matso kusa haka ba," in ji Orazali, yana murza hularsa. "Tudun nan faɗi gare shi. Allah zai ba ka wani."

"Allah ya ba ni, kai ka hana ni. Buɗe kunnenka da kyau: ko mutuwa ka yi, hannun nan ba zai zuba maka ƙasa ba."

Mutane suka ce zafin rai ne, zai huce. Ba su san shi ba. Da ciwon huhu ya ɗauke Orazali bayan wasu shekaru, gari duka ya raka shi, kowane namiji ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba a kabari yadda aka saba. Ana cikin haka ana jiyo ƙwas, ƙwas, ƙwas na gudumar Baltabai daga kan tudu, don ranar daga can iska take kaɗowa. Ni kaina na ji, kuma na ji kunya kamar ni nake bugawa. Ultugan na gida cikin mata, amma irin wannan ai ba ya ɓoyuwa. Ta kwashe kayanta ta koma Karaganda wurin ɗanta, ba ta sake taka ƙofar yayanta ba.

Ɗan nan nata, Kuwandik, shi ne ƙashin da ya tsaya wa Baltabai a maƙogwaro. Ɗan 'yar'uwa a al'adarmu yana da ɗauka uku a gidan kawunsa: ya ga abu, ya ce yana so, ya ɗauka, kawu ba shi da bakin hanawa, sai dai ya haɗiye ya sa albarka. Yawancin yara wuƙa suke ɗauka, ko hula, ko ɗan rago, a yi dariya a wuce wurin. Kuwandik kuwa tun yana ɗan mitsitsi ya san inda ke yi wa mutum ciwo. Ɗaukarsa ta farko duƙushi ne, wanda Baltabai ya tanada don tsere. Ta biyu, bayan ya dawo daga aikin soja, babur ne mai kwando a gefe, wanda da shi Baltabai ke kai duwatsu bakin titi. Ba a daɗe ba ya kifa shi a kwari, ya dawo a ƙafa yana dariya. Ta uku ce ya ƙi ɗauka. Ya girma, ya zama direban tasi, ya aje tumbi, amma duk inda suka haɗu, biki ko rasuwa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya tun daga nesa.

"Kawu, saura ɗaya fa."

"Saura uwarka."

"Ƙanwarka ce dai, Kawu. Zan gaya mata kana gaisuwa."

Baltabai ya ba sittin baya lokacin da ya gamu da dutsen rayuwarsa. A lokacin tudun ya gaji, 'yan sussuka sun gama sussuke abin da ke sama sun koma wasu sana'o'i, shi kaɗai ya rage yana rarrafe a tsofaffin ramuka. Ya fara aikin wani kogo tun ciyawa na kore, bai cire shi ba sai da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Uwar fara tas, ƙwayoyin a tsaitsaye a kanta, kore shar mai duhu, manya biyu a tsakiya kowace kamar kan babban yatsa, ƙanana sun kewaye su. Ya duba ta nan, ya duba ta can, yana neman tabo, don ya saba duniya ba ta ba shi abu ba tare da ta gutsura ba. Bai samu ba. Ya zauna a cikin ramin ya yi kuka, kukan daɗi, wanda bai yi ba ko ranar da aka haifa masa 'yar fari.

Sayarwa kuwa ko a mafarki. Duk wani abin kirki da ya taɓa cirewa yana can cikin akwatunan gilashi, a garuruwan da ba zai taɓa gani ba, da sunan wani a ƙarƙashinsa. Wannan nasa ne. Ya sa shi a ƙasan adaka, in rana ta fito da kyau ya kulle ƙofa, ya kai shi bakin taga ya warware gashin tumakin, ya zauna yana kallo. A irin wannan safiya ko karen yakan huta.

"Kai tsoho, ka kama bakinka," in ji Dametken. "Ka san dai akwai mai yatsa ɗaya."

"Ke tsohuwa, ni za ki koya wa shiru?"

Ya kuwa yi shirun, har ya ba ta mamaki. Abin da ya karya shi ba wani abu ba ne illa gori. Wata rana a ƙofar kanti wani tsohon ɗan sussuka ya dube shi ya ce wa jama'a, "Ungozomarmu ta tsufa. Rabon da ta karɓi haihuwa har an manta." Aka kwashe da dariya. Baltabai ya juya gida, ya dawo da ƙunshi a ƙirji, ya warware shi a kan bencin kantin a tsakiyar rana. Wurin ya yi tsit. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana shan daɗin shirun nan kamar romo. Bai lura da wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ba. Baki dai shi ke yanka wuya. Kafin ya mai da dutsen cikin adaka hoton ya riga ya isa Karaganda.

Dillali ne ya fara zuwa, tare da wani dogon Bajamushe da ya durƙusa a gaban dutsen kamar zai yi masa gaisuwa. Baltabai ya bar su suka more kallo, ya ji abin da suka taya, sannan ya sallame su. Ba su ne damuwarsa ba. Ya san hoton da ya kai ga dillali ya kai ga direban tasi.

Sai ya shirya tarko. Ya aika a kira masa Kuwandik, abin da bai taɓa yi ba. Ya fito da sirdin azurfa na ubansa ya goge ya rataye a bango, ya jingina bindigarsa ta farauta inda ido zai faɗa mata, ya ɗaure goɗiyarsa mafi kyau daidai ƙofa. Ya sa aka dafa nama. Ya yi ta washe baki har Dametken ta tambaye shi ko haƙori ke masa ciwo.

"Ka ga goɗiyar nan?" in ji shi. "Daga nan har kogin Nura ba irinta. Ni kuwa tsufa ya zo, ban san wa zan bar wa ba."

"Allah ya ja kwana, Kawu. Ni a saman bene nake, ta ina goɗiya za ta hau?"

"Wancan sirdin kakanka ne. Azurfa zalla."

"Ai ya fi kyau a bangonka."

"To bindigar fa?"

"Haba Kawu, fasinja zan harba?"

Ya ci nama ya ƙoshi, ya sha nonon goɗiya, ya yaba hannun Dametken, ya shiga motarsa. Sai da ya tayar da ita sannan ya zuro hannu ta taga, yatsa ɗaya a sama. Baltabai ya tsaya a ƙofa yana bin motar da kallo. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, kuma bai iya komai da tsoro ba sai ya mai da shi faɗa. Ranar har kaji sun ji a jikinsu.

Kuwandik ya san lokacin da zai zo. Da sanyi ya kama, kowane gida ya yanka dokin da zai ci har bazara, aka shiga kiran dattawa ɗanɗanon naman farko. Wannan kam ko Baltabai bai isa ya tsallake ba. Ɗakinsa ya cika, an baje faffaɗar taliya da nama a manyan faranta, tsoho Tilewberdi, wanda ya girmi kowa a ƙauyen, yana zaune a wurin manya. Sai ƙofa ta buɗe, ga Kuwandik yana kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa. Ya bi kowa ya gaisar da hannu biyu, ya zauna ya ci abincinsa a natse. Sai da aka shafa fatiha sannan ya gyara murya.

"Dattawa, ku zama shaida. Na zo ɗaukar ta uku. Abin da ke ƙasan adaka, cikin gashin tumaki."

"Ɗauki goɗiyar," in ji Baltabai. "Da sirdin, da bindigar. Duka a bakin ɗaya."

"Ɗaya ta rage mini, Kawu. Ba na cin abin da ba nawa ba."

"Kai da ba ka san bambancin dutse da kashin raƙumi ba, me za ka yi da shi? Fita mini daga gida!"

"Baltabai," in ji tsoho Tilewberdi, yana sakace haƙori. "Al'adar nan ba mu muka kafa ba, ba mu za mu rushe ba. Kai ma ɗan 'yar'uwar wani ne. Ina tsaye ka ɗauke wa kawunka gaggafar farautarsa, ya yi shekaru yana horar da ita. Bai ce maka fita ba."

Baltabai ya dubi fuskokin da ke ɗakin yana neman mai tausaya masa. Wa zai samu? Wannan Baltabai ya taɓa ce masa ɓarawo, wancan Baltabai ya kashe masa kare, na ƙarshen shi ne wanda Baltabai ya ƙi ba aron igiya ranar da saniyarsa ta faɗa rijiya. Duk suka sunkuyar da kai suna wasa da ƙashi a faranti, wasu ma murmushi suke ɓoyewa. Ban ga laifinsu ba, ko da yake abin ya sosa mini rai.

Ya tashi ya buɗe adaka. Sannan aka ji abin da ba a taɓa ji ba a Akkuduk: Baltabai ya yi roƙo.

"Kuwandik, ɗan ƙanwata. Ka sayar da shi. Bajamushen nan zai saya, ka sami gida da sabuwar mota, ni zan haɗa ku. Ko ka ajiye, naka ne. Abu ɗaya nake roƙonka, ka bar su a jikin uwarsu. Kada yatsa ya taɓa su. Kada a sa musu sabulu. Kada ka jefa shi a bayan mota, ka ɗora a cinyarka. Ba su da ƙwari, ka ji? Kallo kawai suke ɗauka."

"To, Kawu," in ji Kuwandik. Ya soke ƙunshin a hammata kamar burodi, ya yi sallama.

Sanyin shekarar ya yi wa Baltabai tsawo. Ya daina cin abincin kirki, ya rame, zagin ma ya rage armashi. Duk dillalin da ya ratso sai ya tare shi ya tambaya ko dutsen ya fito kasuwa. Ba wanda ya gan shi. Ya kai ga yana yi wa kansa fatan abin da ya ƙi jini a dā: a ce yana can cikin akwatin gilashi, da fitila a kansa, da sunan wani a ƙasa. Ya yarda da sunan kowa, in dai dutsen na nan yadda ya fito.

Da ƙanƙara ta narke sai ga saƙo. Kuwandik zai yi aure, bayan an gaji da yi masa gori. Za a je gidan yarinya a sa mata 'yan kunnen baiko, kuma ba a zuwa irin wannan ba tare da kawu a gaba ba.

"Kada ka je, tsoho," in ji Dametken. "Ba don Allah suka kira ka ba."

"Ni ma ba don Allah zan je ba."

Labarin dutsensa yake so ya ji, ko ma ya gan shi. Ya sa kwat ɗinsa ta biki wadda ta yi masa yawa yanzu, ya hau bas.

A ƙofar gidan surukan ya haɗu da Ultugan. Ta tsufa, ta yi furfura, ta koma kamannin uwarsu sak.

"Yaya, ka zo."

"Na zo."

Iyakar gaisuwar ke nan. Aka kai shi wurin manya, nesa da ƙofa, aka aje masa kan rago a gaba don ya yanka ya rarraba. Surukai na ta girmama shi, sun ji an ce shi ne gwanin koren dutse. Kafin ya ɗauki wuƙa sai aka shigo da yarinyar, Mensulu, kanta a ƙasa, mata na rufa mata baya. Ultugan ta miƙe, ta buɗe wani ɗan akwati, ta fito da 'yan kunne na azurfa. Ta sa mata na dama, ta sa mata na hagu, ta juyo da ita wajen taga don kowa ya gani. Mata suka yi ta watsa alewa.

A kunnuwan yarinyar korayen ƙwayoyi biyu ne ke lilo, kore shar mai duhu. Baltabai ya san su kamar yadda makiyayi ya san 'ya'yan tunkiyarsa. Ƙanana ne, daga gefen hagu na dutsen, waɗanda suke jingine da juna.

"Ina manyan?" ya tambaya. Bai san ya yi magana da ƙarfi ba.

Kuwandik ya matso ya durƙusa kusa da shi yana fara'a. "Kawu, ashe gaskiyarka, dutsen nan naka ba ƙwari. Maƙerin azurfa na kama manyan da awartaki suka tsage. Ya yi ta gwadawa suna fashewa, da ƙyar waɗannan biyun suka tsira. Amma ka ga sun yi mata kyau."

"Uwar fa?"

"Farin dutsen? Ai farar ƙasa ce kawai. Ya share ya zubar."

"Na ce ka sayar. Na roƙe ka a gaban mutane."

Ba Kuwandik ne ya amsa ba. Ultugan ce, daga inda take tsaye, hannunta a kafaɗar amarya, muryarta a kwance kamar mai tambayar lafiyar gida.

"Ni na hana shi sayarwa, Yaya. Ya so motar, na ce a'a. Saboda dutsen da ya farfashe ka hana mijina ƙasar kabari. Na ce bari ka ga wani ya farfashe, mu ga ko wannan karon wa za ka ƙi binnewa."

Ita ba ya iya kai mata, ta yi nisa, kuma mace ce a cikin mata. Kuwandik ne a kusa, da sauran murmushi a fuskarsa. Baltabai ya ɗaga hannun dama ya sharara masa mari, marin mai sassaƙar dutse, har hularsa ta faɗa cikin farantin nama.

Ɗaki ya ɗauki salati. Amarya ta toshe kunnuwanta ta fashe da kuka. Wata tsohuwa daga dangin yarinyar ta dafe ƙirji tana kururuwa.

"Wayyo, ya mari ɗan 'yar'uwarsa! Bawan Allah, ba a gaya maka ba? Wanda ya bugi ɗan 'yar'uwa, hannun nan rawa zai yi ta yi har ya shiga kabari!"

An gaya masa mana. Wa aka haifa a ƙasar nan bai ji wannan ba tun yana goye? Kuwandik ya dafe kunci, murmushin ya tafi, ya kalli kawunsa da wani irin kallo mai kama da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Baltabai ya miƙe ya tsallake ƙafafun surukai ya fita, kan ragon na nan ba a taɓa shi ba.

A bakin titi, yana jiran bas, ya ga hannun na karkarwa. Ya ce fushi ne. Ya isa gida bai daina ba, ya ce gajiya ce. Bayan kwanaki Dametken ta ja shi asibiti, likita ya duba ya ce tsufa ne, akan samu. Matan ƙauye suka ce likita ya yi ta likitancinsa, su sun san abin da suka sani. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba, kuma sanin ba zai tsayar da hannun ba.

Da ƙasa ta bushe ya ɗauki gudumarsa da tsinkayensa ya hau tudu, yana cewa wanda ya ba da ɗaya zai ba da biyu. Ya yi ta rarrafe a tsofaffin ramuka har ya dace da wani ɗan kogo, ba wani abin a zo a gani ba, ƙwayoyi kaɗan a kan farar uwa, amma lafiyayyu. Ya kwanta da gefe ɗaya yadda ya saba. Ya saita tsinken nesa da su, ya riƙe numfashi, ya ɗaga guduma. Hannun ya zille. Tsinken ya goce, ya ji ɗan ƙaramin ƙas, ƙwayar da ta fi kyau ta ɓalle ta gangaro ta tsaya a gaban hancinsa.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya fito da kansa daga ramin, ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Tudun duka ba kowa sai shi. Ya bar gudumar a cikin ramin, ya sauko da hannunsa a cikin aljihu.